MANHAJA MAI JIN HARSUNA: AIKIN FASSARA A ZAMANIN INTANET DA RABONMU A CIKINSA



Kafin mu shiga batun da ya tara mu, wajibi ne mu nemi afuwa a wurin malamanmu, domin mu da muke tsaye a nan almajirai ne, tawadar allonmu ma ba ta bushe ba. Abin da ya ba mu ƙarfin halin buɗe baki shi ne, al'amarin da za mu tattauna ya riga ya shigo gidajenmu, kuma nan da 'yan shekaru kaɗan mutanen da ke zaune a wannan zaure su ne za su riƙa sa hannu a kan takardun da za su gyara shi ko su ƙara ɓata shi.

Bari mu fara da abin da ya faru a gabanmu. A hutun da ya wuce, wata gwaggon ɗaya daga cikinmu ta nemi a taimaka mata ta cika takardar neman haƙƙin mijinta da ya rasu, a shafin intanet na wata hukuma. Matar nan tana karanta Hausar boko sarai, tana kuma karanta ajami, amma shafin da Turanci kaɗai yake magana. Wannan bai dame mu ba, tunda muna kusa. Da muka zo wurin suna sai shafin ya ƙi karɓa, ya ce sunan ba daidai ba ne. Laifin sunan kuwa shi ne yana ɗauke da alamar hamza, irin wadda ke cikin Sa'adatu ko Mu'azu. Muka cire alamar, shafin ya karɓa. Bayan makonni sai aka dawo mata da takardarta, wai sunan da ta rubuta ya saɓa da wanda ke jikin katinta. Sai da ta yi sawu uku zuwa birni, da kuɗin motar da ta ranta, kafin a warware maganar. Babu wanda ya nufe ta da sharri. Wanda ya gina shafin nan dai bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai irin wannan suna ba.

To, wannan ne ya sa muka zaɓi yin magana a kan yadda ake fassara manhajojin intanet zuwa harsuna da yawa. Abin da muke nufi da manhajar intanet shi ne duk wani shiri na kwamfuta da mutum yake buɗewa ta burauza ya yi aiki da shi: shafin rajistar jarrabawa, shafin banki, akwatin imel, dandalin sada zumunta, da makamantansu. Masana wannan fanni sun raba aikin gida biyu. Na farko shi ne share fage, wato a gina manhajar tun daga tushe ta yadda za ta iya ɗaukar kowane harshe ba tare da an rushe ta ba. Na biyu shi ne mayar da ita 'yar gida, wato a fassara kalmominta, a kuma daidaita ta da al'adar mutanen da za su yi amfani da ita. Sunayen ayyukan biyu a Turanci suna da tsawo, shi ya sa ma'abota sana'ar suke taƙaita su da i18n da l10n, lambar da ke tsakiya tana nuna yawan haruffan da aka tsallake. Aikin farko na maginin manhaja ne, na biyu na mai fassara. In na farko bai yi nasa ba, ƙwarewar na biyu ba za ta amfana kome ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matsala ta farko ita ce ta haruffa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani, saboda haka dole a ba kowane harafi lambarsa. Tsarin da Amurkawa suka fitar a shekarar 1963, wanda ake kira ASCII, gurbi 128 kaɗai gare shi, kuma haruffan Ingilishi da lambobi da 'yan alamomi suka cinye su. Babu wurin ɓ, babu na ɗ, babu na ƙ, balle a yi zancen baƙaƙen Larabci ko rubutun Sinawa. Kowace ƙasa sai ta ƙirƙiro nata tsarin, har ya zamana takardar da aka rubuta a Masko in an buɗe ta a Landan sai a ga tarkacen alamomi marasa ma'ana. A shekarar 1991 aka fitar da tsarin Unicode, wanda manufarsa ita ce kowane harafi na kowane rubutu a duniya ya sami lamba ɗaya tilo. A 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar adana waɗannan lambobi da ake kira UTF-8, wadda kusan dukkan shafukan intanet suke aiki da ita a yau. A cikin Unicode ƙaramin ƙ yana da lamba U+0199, ɗ yana da U+0257, ɓ yana da U+0253, shi kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar suke rubutawa a madadin 'y yana da U+01B4.

Ke nan gurbin haruffanmu ya daɗe da samuwa, amma mu ne ba mu gama tarewa a cikinsa ba. Duk wanda ya taɓa karɓar kundin bincike na Hausa a kwamfutar da ba tasa ba, ya san abin da muke faɗa. Sai ka buɗe ka ga an rubuta "qasa" da "xaya" da "varawo". Dalili shi ne, a lokacin da babu wata hanya, an yi dabarar zana salon rubutu na musamman wanda in ka danna q sai ya nuna maka ƙ. Dabarar ta yi amfani a zamaninta, kuma waɗanda suka yi ta sun cancanci yabo. Sai dai a cikin cikin kwamfutar harafin yana nan q ɗinsa, riga kawai aka sa masa. In aka ɗora irin wannan rubutu a intanet, mai neman kalmar "ƙasa" ba zai taɓa samun sa ba. Mutanen Myanmar sun sha irin wannan wahala da wani salon rubutu mai suna Zawgyi, wanda ya mamaye wayoyinsu shekara da shekaru, har sai da hukumomin ƙasar suka sa ranar komawa Unicode a watan Oktoba na 2019.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a bar lanƙwasar ba gaba ɗaya, tunda ana gane magana daga abin da ke kewaye da ita? Amsa ita ce, a jikin maɓallin manhaja babu abin da ke kewaye da kalma, ita kaɗai take tsaye. Maɓallin da aka rubuta wa "Ƙare" yana nufin kammala aiki, wanda aka rubuta wa "Kare" kuwa yana nufin tsare abu, in ma ba a ɗauke shi sunan dabba ba. Haka baki da baƙi, haka bari da ɓari. Har ila yau akwai batun kuɗi wanda ya kamata ma'aikatan ofis su sani. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 in an tsaya a kan haruffan da tsarin GSM ya tanada, amma da zarar ƙ ɗaya ya shiga, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Hukumar da za ta aika wa manoma dubu ɗari saƙo da Hausa ingantacciya dole ta san haka tun wajen tsara kasafi, don kada a wayi gari a ce Hausa tsada gare ta a yanke mata lanƙwasa.

Matsala ta biyu ita ce raba magana da ginin manhaja. Magini mai gaggawa yakan cusa kalmomin da za su fito a allo a tsakiyar umarnin da yake ba kwamfuta, kamar mai gini da ya dama siminti da fenti wuri guda. Ranar da aka so canza launi sai an fasa bango. Hanyar da ta dace ita ce a tattara dukkan maganganun a fayil dabam, kowace da alamarta, manhajar ta riƙa ɗauko wadda ta dace da harshen mai amfani. Ɗaya daga cikin tsofaffin kayan wannan aiki shi ne gettext, wanda ƙungiyar GNU ta fitar da nata a 1995, kuma har yanzu ana aiki da shi. Kowane harshe yana da lambar shaidarsa ta duniya: ta Hausa ita ce ha, ta Fulatanci ff, ta Larabci ar. Ana iya ƙara ƙasa a ce ha-NG ko ha-NE ko ha-GH, ana kuma iya nuna irin rubutu a ce ha-Latn don boko, ha-Arab don ajami. Da wannan alama ce burauza take shaida wa shafi harshen da mai ita ya fi so.

Matsala ta uku, wadda a ganinmu ta fi daɗin nazari ga ɗaliban harshe, ita ce ta nahawu. Magini wanda Turanci kaɗai ya sani yakan yanka jimla gunduwa-gunduwa, ya bar gurbin lamba a gaba, ya liƙa kalma a baya, yana zaton kowane harshe haka yake jera maganarsa. Ku duba ɗan rubutun nan da ke nuna lokacin da saƙo ya iso. Bature yakan fara da lamba, sa'an nan sunan lokacin, sa'an nan kalma ɗaya da ba ta canzawa. Bahaushe kuwa sai ya ce "kwana 1 da ya wuce", "awa 1 da ta wuce", "awa 3 da suka wuce". Suna ne a gaba, lamba a bayansa, ƙarshen jimlar kuma yana sauyawa gwargwadon jinsi da adadi. In an ba mai fassara guntaye uku dabam-dabam, babu yadda zai yi ya haɗa su su ba da Hausa. Ƙa'idar ita ce a ba shi jimla cikakkiya mai gurbi a ciki, shi ya san inda zai ajiye gurbin. Mutanen Japan da Turkiyya, waɗanda aikatau yake zuwa a ƙarshen jimlarsu, su ma wannan ita ce buƙatarsu.

Batun jam'i ma haka yake. Turanci siga biyu gare shi, tilo da jam'i. Sinanci da Japananci ba sa canza suna saboda adadi. Rashanci yana bambanta abu 1, da abu 2 zuwa 4, da abu 5 zuwa sama. Larabci kuwa, kamar yadda waɗanda suka yi nahawu a cikinmu suka sani, yana da hali dabam ga sifiri, da ɗaya, da biyu, da 3 zuwa 10, da 11 zuwa 99, da abin da ya rage, wato siga shida ke nan. An tattara irin waɗannan ƙa'idoji na ɗaruruwan harsuna a wata taska da ake kira CLDR, wadda take hannun ƙungiyar Unicode tun 2004, kuma manyan kamfanonin manhaja daga nan suke ɗiba. Hausa tana ciki. Abin lura a nan shi ne, abin da aka rubuta game da harshenmu a wannan taska, sunayen watanni ne ko na ranaku ko na ƙasashe, shi ne zai bayyana a miliyoyin wayoyi. In daidai ne ya bazu, in kuskure ne ma ya bazu.

Sai jinsi. Turanci yana da lamiri ɗaya na wanda ake magana da shi, mace ce ko namiji, ɗaya ne ko taro. Mu kuwa dole mu zaɓa: ka shiga, ki shiga, ko ku shiga. Manhajar da ta ce wa Hajiya "ka yi nasara" ta yi rashin ladabi, ko da ba da gangan ba. Masu fassara sukan kauce wa wannan ta hanyar amfani da "ku" na girmamawa, ko sigar "a shigar da lamba", ko umarni tsirara kamar "Shiga". Kowace hanya tana da kyau, muddin an tsaya a kan ɗaya daga farkon manhaja har ƙarshenta. Amma in ana ba da labarin wani, babu mafaka: wane ya aiko da saƙo, wance ta aiko da saƙo. Akwai kayan aiki da aka yi don wannan, irin su MessageFormat na ICU, da Fluent wanda Mozilla ta fitar da cikakkiyar sigarsa a 2019, waɗanda suke ba mai fassara damar rubuta siga dabam ga kowane jinsi ko da Turancin asali siga ɗaya gare shi.

Matsala ta huɗu ta shafi fuskar shafin. Larabci da Ibrananci da Farisanci da Urdu daga dama suke farawa, haka ma ajaminmu. A irin waɗannan harsuna shafin gaba ɗaya ake juyawa, jerin zaɓi ya koma dama, kibiyar ci gaba ta fuskanci hagu, amma lambobi su ci gaba da tafiya daga hagu zuwa dama a tsakiyar layin. Tsawon magana ma abin kula ne. Kalmar Turanci mai haruffa huɗu tana iya zama kalma uku a Hausa, in kuwa maɓallin an yanka shi daidai wuyan Turanci, sai rabin maganar ta ɓace. Magina masu lura sukan gwada manhajarsu da fassarar ƙarya, wato su tsawaita kowace kalma su cika ta da baƙin haruffa, don su ga inda za ta yage tun kafin a kira mai fassara.

Yanzu bari mu juya ga abubuwan da ba kalmomi ba ne, amma suna iya jawo hasara fiye da kalmomi. In aka rubuta 03/04, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, mu da Ingilishi mu karanta 3 ga Afrilu. Ɗalibin da ya kuskure wannan a takardar neman gurbin karatu ya rasa shekara guda. Habasha tana da kalanda mai wata 13, kuma shekararta tana bayan ta Miladiyya da bakwai ko takwas. A Tailan shekarar hukuma tana gaba da 543. Mai jin Swahili in ya ce ƙarfe ɗaya na safe, bakwai yake nufi a lissafinmu, domin daga fitowar rana yake fara ƙirga. Mu kanmu muna da kalandar Hijira kusa da ta Miladiyya, kuma ba mu raba yini gida biyu kamar Bature, muna da safe da rana da yamma da dare. Lambobi ma haka: abin da muke rubutawa 1,000.50 Bajamushe zai rubuta shi 1.000,50, mutumin Indiya kuma dubu ɗari a wurinsa 1,00,000 ne.

Misalin da ya fi kusa da mu yana tsallaken iyaka. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa tana daidai da faran 5 na kuɗin sefa. Saboda haka in allo ya nuna 100, ɗan kasuwa "dala ashirin" zai ce. Jaka a can faran 1,000 ce, a wajenmu kuwa jaka naira 200 ce. Wanda ya gina manhajar aika kuɗi mai karanta adadi da murya, ya ɗauki Hausar Kano ya kai Maraɗi ba tare da sanin wannan ba, zai haddasa rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ga kuma kalmomin aro, mu mun ara daga Turanci su sun ara daga Faransanci, mu ce makarantar boko su ce lakwal. Wannan ne amfanin bambanta ha-NG da ha-NE. Batun ya ƙara nauyi tun daga 2025, lokacin da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Game da sunaye, mun riga mun ba da labarin gwaggo. Asalin matsalar shi ne, alamar da muke rubuta hamza da ita tana da wani aiki a harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wato ita ce take nuna farkon magana da ƙarshenta. Akwai hanya sananniya ta magance wannan, amma malalacin magini sai ya hana alamar shiga kawai ya huta. Mutanen Ailan masu suna irin O'Brien sun daɗe suna kuka da wannan. Haka kuma ba kowace al'umma ce take da sunan dangi ba. Yawancinmu sunan uba muke sawa, wani ya sa sunan garinsu, a Sin da Hangari sunan dangi ne yake zuwa farko, a Indonesiya kuwa akwai masu suna ɗaya tak. Jera sunaye bi da bi ma yana da ƙa'ida. A ƙamusunmu ƙ yana bin k, ɗ yana bin d, amma kwamfutar da aka bari da lambobinta za ta jefa Ɗahiru da Ɗanladi can bayan Zubairu, mai neman sunansa a jerin waɗanda aka ɗauka aiki ya duba ya rasa ya koma gida.

Sai mu zo ga zaɓen kalma, wanda shi ne zuciyar aikin mai fassara. Sau da yawa ana miƙa masa jerin kalmomi ne a takarda ba tare da ya ga allon da za su fito ba. Kalmar Turanci "save" tana nufin ceto, tana nufin tanadi, tana nufin adanawa. Kalmar "open" tana iya zama umarni, wato buɗe, tana iya zama bayanin hali, wato a buɗe yake. Wanda bai ga wurin ba sai ya yi ta canki-canki. Hakkin magini ne ya rubuta ɗan bayani kusa da kowace magana, hakkin mai fassara ne kuma ya ƙi karɓar aikin da babu wannan bayani. Inda kuma babu kalmar sam, sai a duba rayuwar mutane. Da wani mai suna Ibrahima Sarr ya jagoranci fassara burauzar Firefox zuwa Fulatanci, sun nemi kalmar da za su kira tsayawar manhaja ba zato, sai suka ɗauki "hookii", wadda makiyaya suke faɗa in saniya ta faɗi amma ba ta mutu ba. Duk Bafulatanin da ya ji ya gane cewa abin zai tashi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun daga Hukumar Fassara da ta zauna a Zariya a shekarun 1930, zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, magabatanmu sun yi ta fama da baƙin abubuwa suna raɗa musu suna. Daga irin wannan ƙoƙari muka gaji jirgin sama, da Majalisar Ɗinkin Duniya, da tauraron ɗan'adam, kalmomin da yau ba mai jin baƙuncinsu. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Abin da ya rage shi ne a yi wa kalmomin kwamfuta irin wannan hidima, domin a halin yanzu abu ɗaya sai ka tarar manhaja uku sun kira shi da suna uku. Inda jama'a suka riga suka karɓi kalmar aro, kamar kwamfuta da intanet, a bar musu abinsu. Inda kalmar gida ta zauna daram, kamar manhaja da shafi da adana, a riƙe ta.

Wataƙila wani a cikinku yana cewa a ransa, ai inji ya ɗauke mana wannan wahala. Gaskiya ne Google Translate ya shigar da Hausa tun watan Disamba na 2013, kuma fassarar inji tana ƙara kyau. Ba mu ce a guje ta ba, tana rage aiki ƙwarai. Amma a tuna da abin da ya faru a watan Oktoba na 2017, lokacin da wani Bafalasɗine magini ya rubuta gaisuwar safiya da Larabci a Facebook, injin fassara ya mayar da ita "ku kai musu hari" da Ibrananci. 'Yan sandan Isra'ila suka kama shi suka yi masa tambayoyi na sa'o'i kafin a gane kuskuren, kamfanin kuma ya ba da haƙuri. In haka ta faru da Larabci mai ɗimbin littattafai, ina ga harshen da rubutunsa a intanet bai taka kara ya karya ba? Inji daga abin da muka rubuta yake koyo. In mun cika intanet da Hausa marar lanƙwasa mai ƙirar jimlar Turanci, ita zai haddace ya dawo mana da ita. A shafin asibiti da na banki da na kotu, dole ɗan'adam mai jin harshen ya duba kafin a saki.

Akwai kuma masu cewa duk wanda ya iya riƙe waya ai ya iya ɗan Turancin da zai fisshe shi, don me za a kashe kuɗi? Masu wannan magana ba su zauna a shagon cika takardu na bakin kasuwa sun ga dattijo yana miƙa wa yaron da bai sani ba lambarsa ta sirri ba, don kawai ba ya gane abin da allo yake tambaya. Mutumin da ya danna "na yarda" a ƙarƙashin sharuɗɗan bashi da ba ya iya karantawa, ba a ce ya yarda ba. Kuma kada kishin Hausa ya rufe mana ido. Abin da muke nema wa kanmu shi ne hakkin Babarbare da Banufe da Batibi da Bafulatani. Manhajar da aka share wa fage sosai, ƙara mata harshe na uku da na huɗu abu ne mai sauƙi. Ku dubi 'yan'uwan nan biyu na ƙasar Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, waɗanda suka ƙirƙiro rubutun Adlam na Fulatanci suna yara a 1989, suka yi ta bin sa har ya shiga Unicode a 2016. Ba su jira wata hukuma ba.

Saboda haka muna da roƙo ga kowane rukuni da ke wannan zaure. Ga 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta, duk manhajar da za ku gina, ko ta aikin ƙarshen shekara ce, ku yi ta da UTF-8, ku ware maganganunta a fayil dabam, ku gwada ta da sunan da ke da hamza da lanƙwasa. Ga masu karatun harsuna, ku sani wannan sana'a ce ta ci da kai, ku koyi kayan aikinta. Ana iya farawa da aikin sa-kai a translatewiki.net, inda ake fassara manhajar da Wikipedia take tafiya a kanta. Facebook ma da taimakon masu amfani da shi ya fara fassara shafinsa a 2008, Hausa kuma ta samu shiga a 2016. Sai dai a bambanta aikin gayya na al'umma da aikin kamfani mai neman riba, wanda ya kamata ya biya lada. Ga yayyenmu ma'aikata kuwa, ranar da takardar kwangilar gina shafin ma'aikatarku ta zo teburinku, ku nemi a rubuta a ciki cewa shafin zai ɗauki harshe fiye da ɗaya, zai karɓi sunayen mutanenmu yadda suke, kuma za a gwada shi a hannun waɗanda ba su yi boko mai zurfi ba kafin a biya kuɗin ƙarshe. Layi uku ne a takarda, amma za su hana wata gwaggon yin sawu uku zuwa birni.

Daga ƙarshe muna kira ga malamanmu na sashen harsuna da na sashen kwamfuta da su zauna inuwa ɗaya, su haɗa da 'yan jarida da 'yan'uwanmu na Nijar, a fitar da jerin kalmomin da kowa zai riƙa komawa gare shi, a kuma sa shi inda kowa zai ɗauka kyauta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ɗalibai a shirye muke mu yi aikin tattarawa da bugawa in an ba mu jagora.

Shugaba, mun ga lokacin da aka ɗiba mana ya cika. Abin da muka faɗa daidai, a ɗauka a yi aiki da shi, inda muka yi kuskure kuma malamanmu suna nan, sai su gyara mana a lokacin tambayoyi.